Rijiyar Giwa

Esnart ba ta san giwa da komai ba sai satar masara. Shi ya sa ta kafe sai ɗanta Masauso ya bar aikin zagayawa da baƙi a ƙafa cikin dajin Luangwa. Ya roƙe ta ta bi shi sau ɗaya tak. In ta dawo ba ta sauya ra'ayi ba, zai ajiye aikin.

Da hantsi suka iso bakin wani busasshen rafi, mai gadin daji yana gaba da bindiga. Masauso ya kaɗa ƙunshin toka, iska ta dawo da tokar kansu.

"Ba za ta ji warinmu ba," ya raɗa mata. "Amai, uwata, don Allah ban da ihu, nan ba gonarki ba ce."

"Rufe min baki, yaron giwaye."

Wata giwa tana tsaye tsakiyar yashi, ta fi rumbu girma. Ta tona da ƙafa, ta zura hanci tana kwaso yashi tana watsarwa. Sai ta tsaya cak, tana jiran ruwa ya tsatso ya kwanta. Tsigar jikin Esnart ta tashi, domin haka ita ma take yi duk rani. Da ramin ya cika, giwar ta ja baya, ta turo ɗanta ya fara sha.

Sun yi nisa kafin bakin Esnart ya buɗe.

"Wa ya koya mata?"

"Uwarta, Amai."

Sai Esnart ta ce, "Gobe kada ka makara wurin aiki. Amma ka gaya mata ta bar min masarata."