Sunaye Masu Yankakkun Ƙafafu

Kowace sabuwar shekara, haikalin unguwar su Tseng Pei-shan a birnin Tainan yakan kunna wa kowane gida 'yar fitila ɗauke da sunan mai gidan. Bana an sauya fitilun da babban allon lantarki mai ƙananan akwatuna layi-layi, suna ɗaya a kowane akwati. Pei-shan ce ta rubuta manhajar.

Da safiyar jajibirin biki aka kunna allon. Sunaye suka fito, amma an datse musu ƙafafu, ƙasan haruffan ya ɓace.

Gwaggo Lan, mai kula da haikalin, ta tsaya riƙe da tsintsiya. "Ke 'yar nan, wa zai shiga shekara da guntun suna? In bai gyaru ba kafin mutane su zo, zan sa a fito da tsofaffin fitilu."

Pei-shan ta zauna a kan benci, kwamfuta a cinya. Ta sake auna tsayin haruffan, lissafi daidai. Ta rage girmansu, Gwaggo ta ce ai wannan sai tururuwa ta karanta. Ta mayar da su yadda suke.

Ana haka kawunta Kun-hai ya shigo da ledar lemo. Ya duƙa, ya nemo sunansa, ya tuntsire da dariya.

"Lan, zo ki ga mutumin kirki! Nawa lafiya lau, har da takalmi."

"Kai da aka jefa can ƙasa kusa da shara?"

"Duk layinmu garau muke. Ku na sama ne guragu."

Pei-shan ta ɗago kai. Ta duba layin ƙarshe, babu sunan da ya yanke. Layin nan kaɗai ne ba shi da wani layi a ƙarƙashinsa. Ashe manhajar tana zana akwati ta rubuta suna, sannan akwatin da ke ƙasa ya zo ya shafe ƙafar sunan da jan fentinsa.

Ta sauya tsarin: a zana akwatuna duka tukuna, sunaye su biyo baya. Allon ya ɗauke, ya dawo. Kowane suna ya tsaya cif.

Gwaggo Lan ta bi layukan da ido har ƙarshe, ta jingine tsintsiya, ta zaro lemo biyu daga ledar Kawu ta miƙa wa Pei-shan.

"Ai nawa ne!" in ji Kawu.

"Yi shiru, na kusa da shara."