Wa Zai Yaye Sharhabilu?

Sharhabilu ya dawo Karare daga Safana da takardu uku, kansa a ɗaure. Koyar da motsa jiki yake so ya mayar sana'a, amma wata takardar ta ce kwas ɗin wata uku ne, wata ta ce shekara uku a kwaleji, ta ukun kuma a waya ake yi.

Ya shimfiɗa takardun gaban kawunsa Mamman maƙeri.

"Cikin ukun nan wane ne ubangidanka?" in ji Kawu.

"Babu ubangida, Kawu. Jarrabawa ce kawai."

Kawu ya juya takardun, ya duba bayansu, ya miƙa masa abinsa.

"To ranar yaye wa zai sa maka albarka? Wayar?"