Jarrabawar Don Arcesio

Don Arcesio Pedraza yana goge gilasan gwajinsa karo na uku sai motar hukumar lafiya ta tsaya a ƙofar shago. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana gwada wa mutanen garin ido yana haɗa musu tabarau, sana'ar da ya gada wurin ubansa, wanda a kan alfadari yake yawo da akwatinsa ƙauye-ƙauye. Yanzu manya a Bogotá, babban birnin ƙasar, sun farka sun gano ashe duba ido ilimi ne. Doka ta ce wanda ba shi da takardar jami'a sai ya ci jarrabawa gaban wakilin hukuma. In ya faɗi, ba shi ba idon kowa: ya sayar da firam ɗin tabarau, ya ɗaure ƙusa, shi ke nan.

Wadda aka turo, Dakta Yolima Cárdenas, ba ta kai sa'ar 'yar autarsa ba. Ta shigo da farar riga da jaka, ta ƙare wa shagon kallo kamar mai neman inda ɓera ya mutu.

"Ina allon gwajinka, Don Arcesio?"

Ya nuna mata agogon hasumiyar coci, can ƙetaren dandali. "Ga na nesa. Wanda ya faɗa mini ƙarfe nawa daga kan kujerar nan, ya gani."

"Na kusa fa?"

Ya jawo faranti cike da shinkafa, an barbaɗa mata tsakuwa. "A tsince."

Dakta ta yi rubutu mai tsawo, tsawon da bai yi masa daɗi ba. Sannan ta ce a samo mata mutum ɗaya cikin masu zuwa wurinsa, ya gwada shi a gabanta, minti ashirin.

Ranar kasuwa ce, kuma tun sati biyu gari ya san za a yi wa Don Arcesio jarrabawa. Ƙofa da taga sun cika da kawuna. Kafin ya buɗe baki, Doña Herminda ta ture mutane ta shigo ta zauna daram a kujerar. Ita ce mai cuku a bakin dandali, shugabar ƙungiyar matan coci, macen da ba a taro a garin ba ta a sahun gaba. Don Arcesio ne kuma uban baftismar ɗanta na fari, shi ya sa take ce masa compadre, yake ce mata comadre.

"Fara da ni, compadre," ta ce. "A nuna wa 'yar birni mu ma ba a daji muke ba."

Don Arcesio ya ce a ransa, da ma wani ne, ko mahaukacin tasha, amma ban da ita.

Dakta ta zaro alluna biyu daga jaka ta ɗaga su sama, ta yi bayani da ƙarfi yadda na waje za su ƙaru. "Wannan na haruffa ne, na masu karatu. Wannan kuma alamomi ne masu yatsu uku, mutum ya nuna da hannu inda suka fuskanta. Na waɗanda ba su je makaranta ba ne." Aka yi 'yar dariya a taga. "Tambayar farko, Don Arcesio: wanne ya dace da ita?"

Ya san amsa. Duk garin shi kaɗai ya sani. Shekara talatin da suka wuce, ranar da ta fara zuwa, ya miƙa mata jarida ta riƙe ta a kife tana gyaɗa kai. Ya karɓe jaridar ya miƙa mata faranti. Tun daga nan take tsayawa gaban mata kowace Lahadi da littafin waƙoƙi a buɗe, tana rerawa daga ka, tana harara duk wadda ta yi kuskure. Har gyara wa Fada, limamin cocin, karatu ta taɓa yi.

Ya dube ta. Ta ɗaga haɓa tana murmushi wa matan da ke ƙofa, amma hannunta ya damƙe bakin kujera har jijiyoyi sun tashi.

"Na haruffa," ya ce.

"Ji tambaya," in ji Doña Herminda.

Aka rataya allon. Ya cire mata tabaranta, ya ɗora mata firam ɗin gwaji, ya zura gilashin da ya san shi ne daidai da idonta. A saman allon akwai harafi guda, ƙato, wanda jaki ma zai hango daga tasha.

"Me kike gani, comadre?"

Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai. "Dishi-dishi."

Ya canza gilashi. Dishi-dishi. Ya ƙara ƙarfi, ya rage, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. Ta ce wannan yana sa ta jiri, wancan yana sa mata hawaye. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wani direba a taga ya ce, "Don Arcesio, ko a kawo shinkafar ne?" Aka kwashe da dariya.

Dakta ta tashi, ta haska idon matar da 'yar fitilarta, ta ɗauki tsohon tabaran ta auna, ta sake aunawa. Yarinyar dai ba sakara ba ce. Ta matso kusa da shi ta sassauta murya.

"Tabaran nan daidai yake, ko ni iyakar abin da zan ba ta ke nan. Akwai abin da kake so ka gaya mini game da ita?"

"Babu, Dakta."

"Kalma ɗaya ce. Ka ce a canza allo, ka gwada ta, in sa hannu. Abin da ba a yi a gabana ba, ba zan rubuta ba."

Ya ji tsoro sosai. Shekararsa sittin da takwas, ba shi da wata sana'a. Ya kuma ji haushin matar nan, haushi na gaske, ita da haɓarta da littafin waƙoƙinta. Ya buɗe baki. Doña Herminda ba ta kalle shi ba, allon take kallo ta cikin firam ɗin ƙarfe.

"Bari in gwada wani gilashin," ya ce.

Minti ashirin suka cika a kan haka. Dakta ta cike takarda ta buga hatimi, ta karanta hukuncin a fili don haka doka ta ce. Daga yau ba shi da izinin gwada ido. Duk wata za a riƙa turo mai digiri daga birnin Tunja.

Matan ƙungiya suna kallon shugabarsu da ta kasa harafi guda, har wata ta fara raɗa wa wata a kunne. Doña Herminda ta hango su. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"To, kun gani da idonku," ta ce. "Shekara talatin ina fama da tabaran mutumin nan, ina shiru don kunya. Kuna mamakin me ya sa nake ba Ofelia da ke tsaye can wasiƙu ta karanta mini? Ga dalili." Ta tura tabaran gabansa da yatsa ɗaya. "Riƙe kayanka, compadre. Ba don zumunci ba, da na daɗe da magana."

Nan take mata suka hau jajanta mata. Wata ta ce ita ma kwanan nan tana jin ciwon kai.

Don Arcesio ya bi ta da kallo ta nufi ƙofa ba tabarau, kai a sama, tana laluben bango da yatsu a fakaice. Ya fi kowa sanin iyakar inda idon nan yake kaiwa, kuma bai wuce tsawon hannunta ba.

"Ofelia," ya ce, "riƙe mata hannu. Matakala uku ce."