Tatsuniya Ta Sittin Da Uku

Shekara bakwai Malama ta yi tana tattara tatsuniyoyi tana rarraba su kashi-kashi saboda digirinta na uku. Tun da ta soma aikin ba ta ƙara jin tatsuniya don daɗi ba. Da an buɗe baki sai kunnenta ya shiga neman wane ne jarumi, wane ne mugu, wa ya yi aike, wa ya ba da taimako a hanya. Guda ɗari biyu da sha huɗu ta naɗa a kaset, ta juye a takarda, kowace da katinta cikin kwalin takalmi. A bangon ofishinta na kwaleji ta manna wata ƙatuwar takarda mai layuka, kuma kusan dukkansu sun shiga gurbinsu sun zauna lafiya: a yi hani a ƙi ji, a yi rashi, a fita nema, a gamu da tsohuwa, a dawo da alheri, mugu ya kwaikwaya ya halaka.

Guda ɗaya ce ta ƙi zama, ta sittin da uku. Labarin 'yar maɗinki ce da ta yar da allurar ubanta a rijiya, ta bi ta har ƙasa, ta tarar da wata tsohuwa, ta share mata ɗaki, aka ba ta allurarta ta komo gida. Shi ke nan. Ba mugu, ba wanda aka hukunta. Gwaggonta, yayar mahaifinta, ita ta ba ta wannan tun farkon aikin.

Farfesan da ke duba ta ya zagaye gurbin da jan biro. Ya ce tatsuniyar da ba mugu a ciki, ko dai kaset ne ya yanke ko mai bayarwa ta manta, don haka ta koma ta nemo shi. Ya kuma tuna mata cewa ƙarshen wata zai yi ritaya. In babi na huɗu bai kammala ba, wani sabo za a miƙa ta gare shi, wanda zai so a faro daga shafi na ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi ta shiga bas biyu, ta hau bene hawa uku tana tsayawa tana haki. Gwaggo yanzu wajen 'yarta ma'aikaciyar jinya take zaune, 'yar kuwa tana wurin aiki. Malama ta same ta kan katifa kusa da taga, ƙafafu a kumbure, ga wata maƙwabciya da ta shigo aron dutsen guga ta yi zamanta tana zuba surutu. Bayan gaisuwa Malama ta kunna na'ura, ta roƙi Gwaggo ta sake mata ta 'yar maɗinki.

Gwaggo ta gyara zama ta fara. Allura ta faɗa rijiya, yarinya ta bi ta, duk kamar da. Sai dai wannan karon, da yarinyar ta komo, sai ga wata maƙwabciya ta faɗo cikin labarin, mai shiga gidan mutane aro, ba ta mayarwa, ba ta kuma san lokacin tashi ba. Ita ma ta jefa allura ta bi, ta ƙi yin shara, tsohuwar ta ɗinke mata baki. Kafin a kai nan baƙuwar ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta fita ko dutsen gugar ba ta ɗauka ba. Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ba ta ruwa, sannan ta ce a kaset ɗin farko babu wannan matar, wanne ne na asali?

"Na asali kuma?" in ji Gwaggo. "Ranar nan wa ke zaune?"

"Ni kaɗai ce, Gwaggo."

"To ke kaɗai da na'urarki, kin zo a gajiye, idonki duk ya faɗa, wa zan tsorata? Mugu ai sai da mai laifi a gabanka ake saka shi. Da kuna yara, in yayanki ya yi ƙarya, maƙaryaci nake sakawa. In ke ce kika yi rowa, marowaciya ce."

Malama ta kashe na'urar. Katunanta ta tuna. Kowane yana da sunan mai bayarwa, shekarunta, rana da wuri, amma babu ko ɗaya da ta rubuta su wa ke zaune suna saurare. Rabin waɗannan tsofaffin kuwa sun rasu. A bas ɗin komawa ta jingina kai da gilashi, ba ta ji haushi ba, ba ta ji murna ba, sai wani nauyi a kafaɗu kamar ta wuni tana ɗaukar bulo.

Ranar Litinin ta tarar da Farfesa yana cusa littattafansa cikin kwalaye. Ta ba shi labari a tsaye. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido, ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a, bai taɓa tambayar wa ke zaune ba. Sannan ya dube ta.

"Abin da kika samo gaskiya ne, amma wani digirin ne daban. Kina da sauran shekara uku a jikinki?"

Ta tuna ɗalibai ɗari da ashirin da ke jiran sakamako, da maigidanta da ya daina tambayar yaushe za a gama, da ciwon bayan da ke tashinta daga kujera. Ta ce ba ta da su.

Layi huɗu ta rubuta a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, cewa akwai alamar wasu masu bayarwa kan ƙara mugu ko su cire shi gwargwadon masu saurare, kuma abin yana buƙatar bincike. Ta miƙa babin saura kwana biyu wata ya ƙare. Ranar kare kundin, masu jarrabawa suka yaba da tsarin layukanta, suka kama ta da gyaran waƙafi. Ba wanda ya taɓo layi huɗun nan.

Da la'asar tana ofis 'yar Gwaggo ta kira ta yi mata barka, sai tsohuwar ta karɓe wayar ta tambaya ko yanzu za a bar Malama ta huta. Malama ta ce akwai takardun jarrabawa tuli a gabanta. Gwaggo ta ce duk da haka ta zo ranar Asabar, ta taho mata da man shafawa na ƙafa. Malama ta ce to. Ta ajiye wayar, ta ture takardun gefe, ta kifa kanta a kan tebur.