Shingen Athol

Noelene ta sare rabin shingen itatuwan gidansu ke nan, injin yankan itace na ruri a hannunta, sai ga farar motar ƙaramar hukuma ta tsaya a ƙofar gida.

"Kashe! Ce mata ta kashe!" in ji mijinta Athol daga kan gadon da muka jawo masa bakin taga. Ihun wanda ciwo ya cinye wa huhu ne, ni kaɗai da ke riƙe da kofin shayinsa na ji.

Gidana na sama da nasu a kan tudu. Shekarun baya da aka kimanta gidajen garinmu, aka lafta mini haraji don barandata na kallon teku. Athol na jin haka ya dasa itatuwa a bayan gidansa, ya bar su suka toshe tagoginsa ruf. Wai gidan da ba ya ganin ruwa ba a sa masa kuɗin ruwa. Rabin layinmu suka kwaikwaye shi. Ni da na tsufa ina koyar da lissafi na ce a nuna mini hujja, ya ce boko ne ya lalata ni.

To, ranar da likitan birnin Hobart ya ce ba sauran magani, a mai da Athol gida, abu ɗaya tsohon masuncin ya roƙa: ya ga teku kafin ya tafi.

Wata budurwa ta fito daga motar, ta leƙo ta tagar ɗakin. "Sannunku. Tegan ce, daga ofishin kimanta gidaje."

Athol ya harare ni. "Beryl, ke kika kai ƙarata."

"Da zan kai ka, ai da tun kana da haƙora na yi."

"Baba, ba wanda ya kai ƙara," in ji yarinyar. "Sabon gareji na zo dubawa a maƙwabta, sai na ga tsohuwa da inji, na ce bari in ga ko lafiya. Mu biyu ne kacal a ofis, gidaje kuwa dubbai. Rabon da a taka layin nan tun ina makaranta."

"To ki sani shingen nan yana nan. Aski kawai ake masa."

"Ai shinge ba ya rage komai. Itace ne, ana iya sarewa gobe. Duk layin nan a masu ganin teku aka sa ku tun farko."

Noelene ta riga ta kashe inji, ta ji komai. Ta cire tabarau a hankali.

"Athol. Shekara talatin wankina na wari a inuwa. Tumatir ɗaya ban taɓa ci daga gonata ba."

"Haba uwargida, mutum na kan gargara..."

"Ka dakata da mutuwar, ban gama ba."

Ta ja igiyar inji. Ban taɓa ganin mace mai shekara saba'in da ɗoriya ta yi aiki da nishaɗi haka ba. Itace na ƙarshe ya faɗi, haske ya cika ɗakin, muka ɗago Athol da matasai.

Bango ne a gabanmu. Bangon benen da wani likitan haƙori daga Melbourne ya gina a ƙasansu, toka-toka, da bututun bayan gida a jikinsa. Ko cokali ɗaya na ruwa ba a hangowa.

Tegan ta yi gyaran murya. "Wannan kam kuna iya neman ragi. Bene ba a sare shi. Da an gani tun da aka gina, da tuni an rage."

Athol ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, muka ɗauka shi ke nan. Da ya dawo, idonsa na kan bangon, dariyar ta ƙare.

"Tashi," na ce. "Akwai teku a gidana, kuma an biya kuɗinsa."

Tudun ya fi ƙarfin kekensa na asibiti. Na dubi farar motar.

"Mama, an hana mu ɗaukar mutane," in ji Tegan.

"Harajinsa ne ya sayi tayoyin. Buɗe ƙofa."

Ta buɗe.

Ana cewa mai shirin mutuwa yakan yi laushi, ya nemi gafarar kowa. Ni dai ban gani ba. Muka kwantar da shi a doguwar kujerar barandata, muka lulluɓe shi da bargo, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan kike biya wa duk shekarun nan? An cuce ki, malama. Ruwa ne kawai."

Amma ya ƙi komawa gida. A nan ya ci miyarsa, a nan ya zagi duk jirgin ruwan da ya ga an tuƙa ba daidai ba. Noelene ta kwaso kayan saƙarta ta tare a wurina.

Ranar Alhamis da la'asar, yana cikin kushe wani ƙaramin jirgi mai jan fenti, wai matuƙin ko baro bai kamata a ba shi ba, sai maganar ta tsaya. Noelene ta ajiye saƙa, ta gyara masa bargo. Ba mu kira kowa ba sai da jirgin ya sha kwana bayan dutse.