Ranar da Ursin Ya Hana Sumba

A zamaninmu, kafin jirgin ƙasa ya ratsa yankinmu na Berry, ba a fara rawa a ƙauyenmu sai mai algaita ya rangaɗa 'yar guɗa. Da jin ta kowane namiji zai sumbaci abokiyar rawarsa a kumatu, sannan kiɗa ya tashi. Babu wanda yake ganin rashin kunya a ciki, ko limamin cocinmu kau da kai kawai yake yi.

Yayana Ursin ne mai busar. Algaitarsa irin mai salka ce ta fatar akuya, wadda ake matsewa a hammata, kuma duk ƙauyukan kewaye ba a da wani sai shi. Tun yana ɗan saurayi ake ɗora shi kan duron giya a gindin bishiyar dandali. Daga can sama ya ga an yi neman auren kowa, shi kuwa ko hannun mace bai taɓa riƙewa ba, domin idan ya sauko biki ya mutu.

Yana son Perrine, mai kai cukun awaki kasuwa. Kowa ya sani, har awakin, amma bakinsa ya kasa faɗa. Ga Firmin ɗan mai injin niƙa ya matsa mata lamba, iyayenta kuma sun fara sakin fuska. An ce in aka watse bikin gama girbi ba wani da ya fito neman aurenta, Firmin zai aiko manyansa.

Ranar bikin Firmin ya ja Perrine cikin sahu, ya goge gashin baki yana jira. Sai Ursin ya tsallake guɗar ya faɗa cikin kiɗa kai tsaye. Aka ɗauka mantuwa ce. Rawa ta biyu ma haka. A ta uku mutane suka ƙi ɗaga ƙafa, tsofaffi suka fi kowa fushi, don su dama sumbar ce take fito da su.

Gwaggo Léonie mai wanki ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Ursin, shekara guda nake jiran wannan tsohon da nake aure ya tuna ina da kumatu, don naka ciwon za ka hana ni?"

Dandali ya kwashe da dariya. Ni kam kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage, tausayinsa kuma ya cika mini ciki. Perrine ba ta yi dariya ba. Ta zare hannunta daga na Firmin, ta tako da takalmanta na katako har gindin duron.

"Ƙafata ta gaji da tsayuwa," ta ce. "Ko ka busa abin nan Firmin ya yi abin da ya zo yi, ko ka sauko."

Ursin ya dubi jama'a, ya dubi algaitar. Mai busa bai taɓa barin duro ana tsakiyar biki ba, ubanmu ma, da yake busar kafin Ursin, bai yi ba ranar da aka gaya masa gonarsa na ci da wuta. Ursin ya sauko. Salkar ta saki iska da wani kuka mara daɗi.

Innarmu ce ta fara rera kiɗan da baki, mata suka amsa, takalma suka kama duka. Har yau ban ji kiɗan da ya kai wannan daɗi ba, kuma ina kewarsa.

Sai ga abin da ba wanda ya taɓa kawowa a ransa. Mutumin da ya sa ƙasar nan duka rawa, ashe ko taku ɗaya bai iya ba. Ya yi hagu ana dama, ya take mata ƙafa, ya tsaya yana zufa yana ba ta haƙuri, har ya juya zai koma kan duronsa.

Perrine ta damƙe hannun rigarsa.

"Ina za ka? Tsaya nan. Lokacin sanyi yana da tsawo, zan koya maka a gida."