Itatuwan Rufin Ɗakin Inna

Yaya, ni ne... na sauka tun kafin a kai gari. Kada ka yi faɗa. Direban ma sai da ya waiwayo ya ce, "Samari, nan ai ba kowa, sai kurmi." Na ce nan ɗin nake so. Ya ja motarsa ya bar ni da jakarka a kafaɗa, ga titi a bayana, ga kurminmu a gabana, gida yana can ƙetarensa. Da ta titi na bi, da tuni na isa. Da tuni na yi sallama, Inna ta fito tana goge hannu a gefen zani, ta dube ni, ta ce ina yayanka...

Shi ya sa na biyo ta nan.

Ashe ƙarami ne kurmin nan? Yaushe ya tsuke haka? Muna yara ka ce mini in na ƙetare rafin da ke tsakiyarsa wata ƙasa zan faɗa, inda mutane ke tafiya da ka, ƙafafu a sama. Na yarda. Me ka taɓa faɗa mini ban yarda ba? Yanzu ga shi daga bakinsa ina hango hasken ɗaya gefen ta tsakanin itatuwa. Ni kuwa so nake ya yi tsawo. So nake ya ƙi ƙarewa.

Sanyi a ciki. Ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, da wani ɗaci-ɗaci na ɗanyen itace... irin wanda ke bin rigarka ko an wanke ta. Busasshen ganye yana ta ƙara a ƙarƙashin takalmina — takalmi. Mai siton kamfani ya tare ni jiya, ƙasar kabarinka ba ta gama fita daga farcena ba, wai takalman aiki da hular kwano na kamfani ne, a maido. Hular da ta rabe biyu, Yaya. Ya karɓa, ya jujjuya ta a hannu, ya taɓe baki, ya ce, "Wannan kam ba ta sauran moruwa." Na tsaya ina kallonsa. Na juya na fita. Da kai ne, da ba ka ƙyale shi ba. Kai da ka faɗa masa abin da zai kwana yana tunawa.

Kurciya ce can ko me? Ta yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai... kai fa. Kai da tun ba ka da gemu kake kayar da itace. Ka zagaya bishiya, ka ɗaga kai ka dubi rassa, ka tofa yawu a tafin hannu, ka ce mini, "Akawu, matsa can, nan za ta kwanta." Ta kuwa kwanta nan ɗin, kamar an yi mata shimfiɗa. Mai rai ba ta taɓa cin amanarka ba. Sai mataccen gungume — ba reshe, ba saiwa, kwance a bayan mota a wurin yankan katako, an ɗaure shi da sarƙa. Sarƙar da kowa ya san ta gaji. Kai ma ka sani, har tsokanarta kake yi, kana kiranta kakarmu. Ta tsinke. Ƙara ɗaya. Na juyo da igiya a hannu, ba ka inda na bar ka...

A'a. Ba nan ba. Ba yanzu ba.

Oga ya dafa kafaɗata bayan an watse daga jana'iza. Wai in je in gaya wa tsohuwa da bakina, irin wannan ba a faɗar sa a waya. Gaskiyarsa. Sai ya ƙara da cewa, "Amma kada ka daɗe, ka ga kaya sun taru." Kaya sun taru. Gungumen ma yana cikinsu, Yaya. Sun mirgina shi gefe, sun watsa garin katako a wurin, gobe ko jibi za a ɗora shi a inji. Wani zai yi ƙofa da shi. Wani zai riƙa buɗe ta yana rufewa, yana shiga da 'ya'yansa...

Ga rafin. Wannan ne rafin? Tsallake ɗaya. Ɗan ruwa kore a kwance, sawun awaki a laka, wata tsohuwar leda ta maƙale a saiwa. Na ƙetare. Ba ƙasar masu tafiya da ka. Ƙarya ka yi mini.

To me zan ce mata? Inna, sai haƙuri. A'a, kafin in rufe baki za ta zube. Inna, zauna tukuna. Wa ya taɓa zaunar da Inna? Inna, Yaya ba shi da... Inna, an yi haɗari a wurin aiki... Kai kake ce mini Akawu don na leƙa aji na fito, kai ne kake cewa, "Mai boko, karanta mana allon motar can." Boko bai koya mini wannan ba. A wane aji ake koyar da shi? Ko a ajin da ban kai ba ne? Ranar da na bar makarantar ma ba ni na gaya mata ba. Kai ka shiga gaba, ni ina laɓe a bayanka ina wasa da bakin riga. Ka ce, "Inna, ƙwaƙwalwar autanki ta cika, malamai sun ce in aka ƙara za ta zube." Ta ɗauki muciya, ta rasa wanda za ta buga, ta fashe da dariya. Ko mugun labari ne, in daga bakinka ya fito, sai ya zo da sauƙi. Yau wa zai shiga gabana?

Wayyo. Ga su.

Na manta da su, wallahi na manta. Itatuwan nan uku da ka yi wa zobe zuwanmu na ƙarshe, na rufin ɗakin Inna. Ga saran gatarinka — ka ɓare ɓawon zagaye, faɗin tafin hannu, daidai gwiwa, tsaf kamar da wuƙa. Na ce maka me ya sa ba za mu kayar da su kawai mu huta ba? Ka ce, "Ka ji Akawu. Wadda aka kayar ɗanya tsagewa take yi, gara kuma ta cinye ta a kwance. Bar ta ta mutu a tsaye. Ta bushe a hankali, sannan mu zo mu ɗauka kafin ruwa." Kafin ruwa. Don kada Inna ta sake kwana tana jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan, da kwanoni jere a ƙasa suna tarar yoyo.

Biyu sun bushe. Rassa tsirara, ɓawo yana zuba da kansa. Ta ukun kuwa... duba sama, Yaya. Ganye. Kore shar, iska na kaɗa shi, har da tsuntsaye. Na tuna, na tambaye ka wannan ma. Ka ce ai ba ta sani ba tukuna. Ruwan da ya rage a jikinta take sha, sai ta daɗe tana ganye, ita a ganinta lafiyarta ƙalau.

Yanzu haka Inna tana shara. Ko tana yi wa kaji faɗa. Tana...

A'a. Ba zan yi wannan tunanin ba.

Na ɗora hannu a kan zoben. Ya yi baƙi, ya bushe, amma ana jin kowane sara. Nan ka tsaya. Nan ka sa ƙafar hagu. Wa zai kayar da su? Ni? Ni da igiya kawai na iya riƙewa? Na ɗaga kai ina duban rassa yadda kake yi, ko za su gaya mini inda za su kwanta. Ba su ce mini komai ba. Kai suka sani.

Motsi a bayana. Awaki. Da Baba mai awaki, maƙwabcinmu, da sandarsa da tarinsa, bai ƙara tsufa ba, bai rage ba. Shi yana nan. Kamar shi yana nan, yana jan ƙafa, kai kuwa...

"Kai! Wa nake gani kamar Akawu? An dawo mana da biron, ko an sayar an ci abinci?"

"Sannu, Baba."

"Yawwa. Ina babban? Ina mai gatarin? Yana lafiya?"

"Lafiya lau."

Bakina ne, Yaya. Ba ni ba ne. An tambaye shi, ya amsa yadda ya saba tun yana koyon magana. Kafin in kamo ta, ta fita.

"Madalla. Yana tafe ke nan?"

"Yana... yana gaishe ka."

"Gaisuwarsa ce za ta tare wa uwarku ruwa? Ka ce masa hadari ya fara leƙowa. Matar nan ta hana itatuwan nan sakat. Kullum sai ta zo ta ƙwanƙwasa su da sanda, ta kara kunne, wai tana jin ko sun bushe. Na ce mata, ke da ɗanki dai ba ku da aiki."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya kora awakinsa ya yi gaba.

Tana zuwa nan. Da gwiwar nan tata mai ciwo. Ta ƙetare gona, ta shigo, ta ƙwanƙwasa... Ga ma alamar, ƙananan tabo a jikin ɗaya daga cikin busassun, daidai tsayinta. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Baba! Tsaya! A cikina na faɗa. Ya riga ya yi nisa.

Ina bin sawun awakin. Ƙafafuna ne ke tafiya, ni ban ce su tafi ba. Itatuwa suna raguwa, haske yana ƙaruwa, zafi ya dawo mini a ka. Bakin kurmi. Gonaki a share, an tara kara an ƙone, hayaƙi yana tashi siriri nan da can. Kowa ya gyara, kowa yana jiran ruwa. Ga rijiya, ga mata biyu da bokitai. Injin niƙa yana ta bugawa a cikin gari kamar kullum. Wani yana gyaran shinge. Ba wanda ya fasa komai. Don me za su fasa? A nan kana da rai, Yaya. A duk faɗin garin nan kana da rai. Kana can birni kana yankan katako, kana tara abin aure, za ka zo kafin ruwa. Ni kaɗai ne na zo da mutuwarka, a cikin bakina take, kamar garwashi. In na buɗe...

In na juya fa? Titi yana nan inda na bar shi. In bar ka da rai a nan, ko na mako guda. Ta ci gaba da shararta, ta ci gaba da ƙwanƙwasa itace. Laifi ne? Wa na cuta?

Ga gidanmu. Ga rufin ɗakinta ya lotsa a tsakiya, an danne kwanon da duwatsu. Baba mai awaki ya kai bakin shingenmu. Ya tsaya. Yana ɗaga sanda, yana nuno nan. Kar ka... Baba, don Allah kar ka...

"Ke uwar 'yan katako! Fito ki ga baƙo! Ga autanki nan, babban ma lafiya lau, yana tafe!"

Har nan na ji. Matan rijiya ma sun ji, sun juyo.

Ta fito.

Ba ta ko tsaya neman takalmi ba. Tana ɗingishi, tana sauri, tana gyara ɗankwali da hannu ɗaya, ɗayan ta kare rana da shi. Dariya take yi, Yaya. Daga nan ina ganin wushiryarta. Ta shigo gona, tana tsallake kunya ɗaya bayan ɗaya. Ba ni take kallo ba. Bayana take kallo, cikin kurmi, tsakanin itatuwa, tana leƙe dama da hagu...

"Fito mana! Ƙato da kai kana yi mini ɓuya? Na san kana nan, fito!"

Na kusa waiwayawa. Wallahi na kusa.

Na gaji, Yaya. Saura kunya kaɗan tsakanina da ita, tana ta kiran ka.

Ban gaya wa kowa ba tukuna.